Ganga nawa Najeriya ke haƙowa a rana? Daga gindin rijiya zuwa bakin jirgi

Ganga nawa ta ɗanyen mai Najeriya ke haƙowa a rana, kuma nawa ɓarayi ke kwashewa? Tambaya ce da ya kamata a ce amsarta ɗaya ce tak, amma duk mai bin labaran man fetur ya san ba haka abin yake ba. Hukumar NUPRC mai kula da haƙo mai ta faɗi nata adadin, kamfanin NNPC ya faɗi nasa, ita kuwa ƙungiyar OPEC a rahotonta na wata-wata adadi biyu take bugawa: wanda gwamnatin ƙasa ta aika mata, da wanda ta tattaro daga masu sa ido na waje. Da wuya ka ga sun zo daidai.

Batun sata ma haka yake. Hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗaɗen mai da ma'adinai ta ce tsakanin 2009 da 2020 Najeriya ta yi asarar ganga miliyan 619.7, wadda kuɗinta ya haura dala biliyan 46. Sai kuma a 2023 shugaban NUPRC na lokacin, Gbenga Komolafe, ya ce bincikensu ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ake kira asarar mai kuskuren awo ne. Wasu suka ce ai dama duk ƙarya ake shirga mana, wasu suka ce sabuwar hanyar wanke ɓarayi ce aka ɓullo da ita.

Akwai sata, akwai ƙarya, ba mai musu. Amma akwai abin da ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba, wato yadda ake ɗago man daga ƙarƙashin ƙasa da yadda ake auna shi. Rabin ruɗanin daga nan yake.

Abin da ke turo mai sama

Ba wani tafki ne a ƙarƙashin ƙasa da za a zura guga a ɗebo ba. Man yana maƙale ne cikin 'yan ƙananan ƙofofin dutse mai yashi, haɗe da iskar gas da ta narke a cikinsa, ƙarƙashinsa kuma ruwan gishiri ne. Duka ukun a matse suke saboda zurfi. Da an huda dutsen, matsin nan ne ke turo man ya hau bututu har doron ƙasa ba tare da wani inji ba. A 1901, rijiyar Spindletop da ke Texas ta yi kwana 9 tana feshin kusan ganga 100,000 a rana kafin a iya rufe bakinta.

Sai dai matsin ba ya dawwama. Kowace ganga da ta fito tana rage shi, sannan ruwan gishirin da ke ƙasa yana biyo sawun man yana cike gurbinsa. Wannan ruwan ya fi man Neja Delta nauyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. To a duba: rijiyar Oloibiri ta farko, wadda aka samu mai a cikinta a 1956, zurfinta ya kai ƙafa 12,000. Idan bututu mai irin wannan tsawo ya fara cika da ruwa maimakon mai, nauyin da ke danne gindin rijiyar yana ƙaruwa a daidai lokacin da ƙarfin turawa ke raguwa. Wata rana sai a wayi gari rijiyar ta yi tsit. Ma'aikata kan ce ta mutu, alhali man yana nan jingim a ƙasa, ƙarfin hawowa ne babu.

Mafi yawan rijiyoyin duniya a yau sun kai wannan matsayi, da dabara ake ɗago abin da ke cikinsu. Kuma ba a iya zuƙo shi daga sama, domin duk ƙarfin famfo ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 da 'yan kai. Dole a sauka ƙasa a turo shi.

Dabarun ɗago mai

Duk wanda ya san bohol ya riga ya san biyu daga cikinsu. Na farko shi ne famfon tuƙa-tuƙa, amma ƙato. A gindin rijiya akwai silinda mai bawul biyu na ƙwallon ƙarfe, an ɗaure ta da dogayen sandunan ƙarfe da aka haɗa har sama. A saman kuma akwai injin nan mai sunkuyawa yana ɗagowa da ake nunawa a talabijin duk sa'ad da aka zo labarin mai. Idan sanda ta hau, bawul ɗaya ya rufe ya ɗauki mai, ɗayan ya buɗe silinda ta cika. Idan ta sauka sai su yi musaya. Siffar da aka fi sani ta fito ne a 1925 daga hannun Walter Trout na kamfanin Lufkin a Texas, wanda ya sa wa injin nauyin da ke daidaita sandunan don kada injin ya wahala a hawa ya huta a sauka. Yau kimanin shekara 100 ke nan ba a canza ta sosai ba. A Amurka akwai dubban ɗaruruwan rijiyoyi da ba sa ba da ganga 15 a rana, kuma wannan injin ne ke riƙe da yawancinsu.

Na biyu shi ne famfo mai nutso, wanda masu bohol ke kira sumo. Armais Arutunoff, Ba'armeniye da ya fara aikinsa a daular Rasha, shi ya gano yadda za a ƙera injin lantarki siriri wanda zai shige rijiya ya yi aiki cikin ruwa. Ya koma Amurka a 1923, kamfanin Phillips Petroleum ya ɗaure masa gindi, kamfaninsa na REDA ya zama gagara-badau a wannan fage. Ana jera farfela da dama bisa juna, kowace ta miƙa wa ta samanta, ana saukar da kebul a jikin bututu har ƙasa. Ba famfon da ya kai shi kwasar ruwa mai yawa, yana iya ɗago dubban ganguna a rana. Amma ba ya son yashi, ba ya son gas, ba ya son wuta mai ɗaukewa tana dawowa. Idan ya ƙone kuwa, sai an kawo babban injin haƙa an zaro bututun gaba ɗaya.

Akwai kuma wani mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba, wanda Bafaranshe René Moineau ya ƙirƙira a wajajen 1930. Shi ya fi dacewa da mai kauri mai yashi irin na Kanada da Venezuela.

Dabara ta huɗu ita ce ta fi shafar Najeriya, kuma ba famfo a cikinta sam. Ana ɗaukar iskar gas, a matse ta da kwamfuresa, a tura ta ƙasa ta ratar da ke tsakanin bututun ciki da bangon rijiya. A jikin bututun an dasa bawuloli a zurfi daban-daban. Gas ɗin ya shiga ta nan, ya cakuɗe da mai da ruwa, ya zama kumfa. Kumfa ba ta da nauyi, don haka ɗan matsin da ya rage wa rijiyar sai ya ishe ta turo kayan sama. Neja Delta ta rungumi wannan ne saboda dalilai na zahiri: gas ya yi mata yawa har ƙona shi ake yi, rijiyoyinta na fitar da yashi, da yawansu a cikin fadama ko teku suke inda babu layin wuta, kuma idan bawul ya lalace da siririyar igiyar ƙarfe ake zaro shi a sa wani.

Raunin wannan dabara shi ne kwamfuresa ɗaya kan ciyar da rijiyoyi da yawa. Ta tsaya, ko a fasa bututun gas, sai dukansu su kwanta a rana ɗaya. Tsohuwar rijiya mai ruwa da yawa kuma idan ta kwanta ta daɗe, ba lallai ta tashi da an buɗe ta ba. Wata sai an kashe maƙudan kuɗi, wata ta tafi ke nan. A riƙe wannan, zai dawo a batun sata.

Abin da ke fitowa ba mai ne zalla ba

Nan ne mutane da yawa ke ɓata lissafi. Suna ɗauka abin da ke fitowa daga bakin rijiya mai ne tas, a maƙala mita a karanta kawai. A'a. Gauraye ne na mai, ruwa, gas da yashi, yana zuwa yana tari: yanzu curin ruwa, anjima iska zalla. A tsohuwar rijiya, cikin ganga 10 ana iya samun 8 ko 9 ruwa ne. Mitar da aka ƙera don ƙirga ruwa-ruwa, idan gas ya ratsa ta, sai ta ƙirga shi a matsayin mai.

Saboda haka sai an fara rarrabewa. Rijiyoyin yanki guda suna turo kayansu zuwa tashar tattarawa, inda ake zuba su cikin wani dogon tankin ƙarfe. Gas ya tashi sama, ruwa ya kwanta ƙasa, mai ya tsaya tsakiya. To amma rijiya 20 ko 30 duk a tanki ɗaya suke haɗuwa, ta yaya za a san abin da kowace ta bayar? Akwai ƙaramin tankin gwaji a gefe. Bisa al'ada, kamar sau ɗaya a wata ake karkatar da rijiya guda zuwa cikinsa na wasu sa'o'i, a auna mai, ruwa da gas ɗinta, sannan a ɗauka cewa haka ta yi ta bayarwa har gwaji na gaba. Wato adadin kowace rijiya ƙiyasi ne da aka gina a kan 'yan sa'o'i.

Sanin yawan ruwa ma aikin hannu ne a wurare da yawa. Ma'aikaci ya buɗe ɗan famfo ya tari samfur a kwalba, ya zuba a siririn gilashi mai zane-zanen awo, ya sa a na'ura mai juyawa da gudu. Bayan 'yan mintuna yashi ya taru a ƙasa, ruwa a bisansa, mai a sama, ya karanta da ido. Idan a daidai lokacin da ya tari samfurin curin mai ne ke wucewa, rijiya mai ruwa kashi 70 sai ta fito a takarda da kashi 50, kuma a kan wannan za a yi lissafin wata guda.

Daga shekarun 1990, musamman a tekun Norwe da Birtaniya, aka fara amfani da mitoci masu auna gaurayen ba tare da rarrabewa ba. Suna haɗa maƙogwaron bututu mai auna bambancin matsi da wani haske mai ratsa ƙarfe da ke gane nauyin abin da ke wucewa, kwamfuta ta fitar da kason kowanne a kowane lokaci. Ci gaba ne babba, amma suna da tsada, kuma kuskurensu kan kai kashi 5 cikin 100 ko fiye.

Awo na ƙwarai sai a tashar lodi, irin su Bonny, Forcados, Escravos, Brass da Qua Iboe. A can an riga an tsane ruwan, gas ya fita, man ya kwanta a manyan tankuna. Ana zura tef mai nauyin tagulla a bakinsa, a shafa masa wani man shafawa da ke canza launi idan ya taɓa ruwa, a san inda ruwa ya tsaya da inda mai ya fara. Ana auna zafi, domin mai yana kumbura: ƙarin digiri 10 zuwa 12 kan ƙara masa kusan kashi 1 cikin 100, shi ya sa ake mayar da duk lissafi kan digiri 15 ko makamancinsa. A jirgin da ke ɗaukar kusan ganga miliyan 1, kowace mai lita 159, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mitocin lodi kuwa ana gwada su a kai a kai da wani bututu da aka san cikinsa daidai, kuskurensu bai cika wuce rubu'in kashi 1 cikin 100 ba. Mai saye yana tsaye da wakilinsa, shi ya sa ba a wasa a nan.

Daga ina adadin sata ke fitowa?

Ba wanda ke tsayawa ya ƙirga wa ɓarawo ganga. Ana samun adadin ne ta hanyar ɗebe abin da ya iso tasha daga abin da aka ce an zuba a bututu. Ɗaya awo ne mai kyau, ɗayan kuwa sau da yawa ƙiyasi ne.

Ga misali. Kamfanoni uku na amfani da babban bututu ɗaya. Na farko ya ce ya zuba ganga 50,000, na biyu 30,000, na uku 20,000. A tasha aka samu 85,000. Ina 15,000? Wani ɓangare ruwa ne da aka ƙirga a matsayin mai. Wani gas ne da ya fice a hanya man ya tsuke. Wani ya tsiyaye a fadama. Wani kuma an sace shi. Idan za a raba giɓin gwargwadon abin da kowa ya ce ya zuba, to wanda ya kumbura nasa adadin shi ke cin riba, maƙwabcinsa ya ɗauki asara. Rigingimu da yawa tsakanin ƙananan kamfanoni da masu manyan bututu a kan wannan suke.

Sai kuma man da ba a haƙo ba ma. A watan Maris na 2022 attajiri Tony Elumelu ya koka cewa tashar Bonny da ya kamata ta karɓi sama da ganga 200,000 a rana ba ta samun 3,000. Zuwa watan Agusta na shekarar, abin da Najeriya ke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan 1 a rana. Ba duk giɓin ne ya shiga jiragen ɓarayi ba. Kamfanoni da suka ga abin da suke zubawa ba ya isa, sai suka rufe rijiyoyinsu. Ƙasa ta yi asarar kuɗin shiga, amma man yana ƙarƙashin ƙasa. Illar da ta fi daɗewa ita ce waɗancan tsofaffin rijiyoyi da ba sa tashi cikin sauƙi.

Wannan ba ya wanke kowa. A watan Oktoba na 2022, shugaban NNPC na wancan lokaci, Mele Kyari, ya shaida wa majalisa cewa an gano wani bututun sata mai tsawon kilomita 4 a yankin Forcados da ya nufi teku, wanda ya kai shekara 9 yana aiki. A ganina wannan labari ya fi kowane nuna muhimmancin awo. Bututu ya yi shekara 9 yana shan mai ba a lura ba, ko an lura an yi shiru, domin giɓin yana da wurin ɓuya: a ce ruwa ne, a ce kuskuren mita ne.

Akwai kuma wani bambanci da ba ruwansa da sata. Rijiyoyin gas na fitar da wani mai mara nauyi da ake kira kondanset, wanda OPEC ba ta sa shi cikin kason ganga miliyan 1.5 da ta yanka wa Najeriya. Jami'in gwamnati kan haɗa da shi idan zai faɗi adadi, OPEC kuma ta cire.

Mita za ta magance?

Tun binciken farko da NEITI ta yi kan shekarun 1999 zuwa 2004 take cewa Najeriya ta san abin da take sayarwa amma ba ta san abin da take haƙowa ba. Masu wannan ra'ayi na son a kai awo kusa da bakin rijiya, kuma mitar ta kasance a hannun hukuma, ba kamfanin da ake karɓar haraji a wurinsa ba. Kamfanoni kuma na cewa sa mita mai tsada a kan kowace tsohuwar rijiya da ke ba da 'yan ɗaruruwan ganguna ba ya biyan kuɗin kansa, ga fadama, ga masu kwance kaya su sayar.

An dai bi tsaka-tsaki. Bayan dokar man fetur ta 2021, NUPRC ta fitar da ƙa'idojin awo a 2023, sannan a watan Yuli na 2024 ƙaramin ministan mai Heineken Lokpobiri ya sanar da cewa majalisar zartarwa ta amince da kwangilar dala miliyan 21 don aikin mitoci a tashoshin tattara mai 187. Idan aka yi la'akari da cewa kuskuren kashi 1 cikin 100 a ganga miliyan 1.5 shi ne ganga 15,000 a rana, wato sama da dala miliyan 1 kullum idan ganga tana dala 70, kuɗin kwangilar ba komai ba ne. Sai dai mita ba ta kama ɓarawo, iyakarta ta nuna tsakanin wace tasha da wace man ya ɓace. Kuma mitar da ba a gwada ta a kan kari, ko aka yi mata bututun kewaye, ta fi rashin mita haɗari, tunda tana ba ƙarya hatimin hukuma.

Ina ruwan mutumin Arewa?

Kuɗin da ake rabawa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata a Abuja, wanda albashin malamin firamare a Gumel ko Yawuri ya dogara da shi, babban ɓangarensa daga gangar da aka auna yake fitowa. Dalar da ke riƙe darajar naira ma haka.

A Nijar abin ya fi fitowa fili. Man Agadem da ke jihar Diffa, wanda kamfanin CNPC na Sin ke haƙowa tun 2011, da farko matatar Soraz ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana kawai yake ciyarwa. Daga 2024 ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Jamhuriyar Benin. Rijiya a wata ƙasa, tashar lodi a wata. A watan Yunin shekarar Benin ta kama 'yan Nijar 5 a tashar, ta ce sun shiga ba bisa ƙa'ida ba. Yamai ta ce sun je sa ido ne kan lodin manta.

Kolmani kuma, a iyakar Bauchi da Gombe, inda shugaba Buhari ya ƙaddamar da aiki a watan Nuwamba na 2022, an ambaci ganga sama da biliyan 1. Irin wannan adadi ƙiyasi ne na farko, kuma a faɗin duniya abin da ake iya fitarwa daga dutse bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na man da ke cikinsa ba. Adadin da ya kamata a jira shi ne ganga nawa kowace rijiya ke bayarwa a rana, nawa ne ruwa a ciki, kuma da wace dabara za a ɗago shi idan matsi ya sauka. Sannan ga kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ware wa jihar da ake haƙo mai a ƙasarta. Akwa Ibom da Kuros Riba sun kai har Kotun Ƙoli a kan rijiyoyi 76, aka yanke hukunci a 2012. Idan rijiyoyin Alkaleri da na Akko suka haɗu a tashar tattarawa ɗaya, kason Bauchi da na Gombe zai fito ne daga awon rijiya-rijiya, wanda shi ne mafi rauni a duk jerin awon da ake yi.